Raƙumin da Ya Ɗauko wa Jirgin Ƙasa Ruwa

Malam Habibu: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Jiya da daddare ina haɗa darasin da zan yi wa ɗalibai kan Yaƙin Duniya na Ɗaya, sai allura ta tono garma. Na ci karo da wani tsohon hoto daga Ostireliya: jerin raƙuma ɗauke da tankunan ƙarfe hagu da dama, wani mai rawani riƙe da akala, can bayansu kuma fili ne fetal, ko inuwar da kaza za ta laɓe babu. Da na bi diddigi sai na tarar ashe labarin layin dogon gabas zuwa yamma da ya haɗa garuruwan Port Augusta da Kalgoorlie ne. An fara shi a watan Satumba na 1912, aka haɗe bakin nan biyu ranar 17 ga Oktoba 1917. Tsawonsa ya kusa kilomita 1,700, kuma tun daga farkonsa har ƙarshensa bai tsallaka ƙorama ko ɗaya mai ruwan daɗi da ke gudana rani da damina ba. Ana tsakiyar aikin kuma farin 1914 ya sauka, alkama ta ƙone a gona, har babban koginsu na Murray ya yanke a wasu wurare ya koma kududdufai. Raƙuma ne suka ɗauki 'yan safiyo a 1908 da 1909 lokacin da ake auna hanyar, su ne kuma suka riƙa kai ruwa da abinci ga leburorin da ke gaba, inda ƙarfen bai riga ya isa ba. Abin da ya hana ni barci shi ne: wannan mai rawanin, da ya riƙa yi wa jirgi dakon ruwa, ba wuƙa ya daɓa wa cikinsa ba? Don ranar da jirgin ya fara gudu, wa zai sake neman raƙumi?

Ɗanjuma: Wa alaikumus salam. Malam tsaya tukuna. Raƙumi a Ostireliya? Ni dai abin da na sani a can shi ne dabbar nan mai tsalle da ke saka ɗanta a aljihu.

Malam Habibu: Kai su aka yi, Ɗanjuma. Na farko ya sauka a 1840. A 1860 aka kawo wasu daga Karaci don tafiyar binciken ƙasa ta Turawa biyu, Burke da Wills, sannan a 1866 wani attajiri, Thomas Elder, ya sauke fiye da ɗari tare da masu kula da su su 31, ya kafa wurin kiwo a Beltana. Daga 1870 zuwa 1920 an ƙiyasta raƙuma wajen 20,000 da mutane wajen 2,000 ne suka shiga ƙasar. Turawa suka yi musu kuɗin goro suna ce musu 'yan Afganistan, alhali da yawa daga Balucistan da Sind da Fanjab suka fito. Galibinsu Musulmi ne.

Hajiya Rabi: Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Ai Malam ka ba kanka amsa.

Baba Reluwe: Ku bari in sa baki, don an taɓo inda nake da ciwo. Yaran yanzu ba su san ƙishirwar kan jirgi mai kwal ba. Ni da shebur na fara aiki, ina zuba kwal a wuta, kafin a kawo masu dizal su mamaye ko'ina. Jirgin tururi ya fi garken shanu shan ruwa. Kowace 'yar tafiya sai an tsaya ƙarƙashin tanki an ja wannan babban bututun an cika shi. Kuma ba kowane ruwa yake sha ba, yana da tsirfa. Ka ba shi ruwan zartsi, kwana kaɗan za ka ga wani farin abu kamar kanwa ya daskare a cikin bututun tukunya, wuta na ci amma tururi ba ƙarfi, ruwan kuma ya riƙa kumfa yana bin tururi zuwa inda bai kamata ba. Na taɓa kwana biyu ina ƙanƙare irin wannan da guduma da kurfi, hannuna duk ya yi kanta. To mu fa a ƙasar da ke da Kogin Kaduna muke. Malam Habibu, su a can ina suka samo?

Malam Habibu: Baba, ai nan gizo ke saƙar. Tsakiyar hanyar wani fili ne da ake kira Nullarbor, sunan daga Latin ne, ma'anarsa ba itace. Ƙasan duk dutsen farar ƙasa ne mai ramuka, ɗan ruwan saman da ake samu kafin ka ce kwabo ya zurare ƙasa. Sun haƙa burtsatse da tafkuna a kan hanya, amma yawancin ruwan da suka tarar na zartsi ne, jirgi ba ya so, mutum ba ya iya sha. A zamanin tururi kusan rabin nauyin da jirgin ke ja ruwan da shi kansa zai sha ne. Ɓangaren yamma ya ɗan samu sauƙi don tun 1903 akwai bututun da ke kawo ruwa Kalgoorlie daga kusa da Perth, tafiyar fiye da kilomita 500. A filin nan ne kuma layin ya miƙe sambal kilomita 478 ba kwana ko ɗaya, har yau babu irinsa a duniya.

Baba Reluwe: Kilomita 478 ba kwana! Allah ya jiƙan direban da gyangyaɗi bai sace ba. Mu kwana ce ke tashe mu.

Injiniya Nura: Ina neman afuwar manya, amma ni ban yarda da yadda aka ɗauko zancen ba. Ana so a mai da mutanen nan abin tausayi, alhali 'yan kasuwa ne da suka san kansu. Wasunsu sun fara da kwantiragin shekara uku a ƙarƙashin Bature, daga baya suka mallaki nasu garken. Abdul Wade ya riƙe babban kamfanin dakon kaya a Bourke. Faiz Mahomet da ɗan'uwansa Tagh sun yi suna a Coolgardie bayan an gano zinariya a 1892. Ba kyauta suka kai ruwan nan ba, biyan su aka yi, kuma a shekarar fari farashin dako hawa yake, don doki da sa sun kwanta, harawa ta yi tsada, raƙumi kuwa zai ci ganyen ƙaya da ciyawar gishiri ya tashi. Na biyu, wanda ya fi muhimmanci: jirgin ƙasa bai kashe sana'arsu ba, ciyar da ita ya yi. Ku dubi ɗayan layin, wanda ya nufi arewa. An fara shi daga Port Augusta a 1878, ya isa Oodnadatta a 1891, sai ya tsaya cak. Bai ƙarasa Alice Springs ba sai 1929. Shekara 38 ke nan jirgi na zuwa yana jibge kaya a Oodnadatta, kuma duk buhun fulawa da kwanon rufi da wayar shinge da za su wuce gaba, fiye da kilomita 400, a bayan raƙumi suke tafiya, a dawo da ulun tumaki. Jirgi layi ɗaya yake bi. Duk abin da ke dama da hagu da layin na raƙumi ne.

Hajiya Rabi: To Injiniya, in jirgi abokinsu ne, ina suke yau?

Injiniya Nura: Mota ce ta kore su Hajiya, a shekarun 1920. Mota ce ke iya bin raƙumi har ƙofar gidan da yake kai kaya.

Illa Agadas: Injiniya ya faɗi gaskiya a nan, kuma ni a gida na gani, ba a takarda ba. Kakana madugu ne, mahaifina ya yi Bilma sau da dama, ni ma an tafi da ni sau ɗaya ina yaro. Amma kafin in zo kan mota, akwai gyaran da zan yi. Mutanen birni na maganar raƙumi kamar wani aljani ne da ba ya ci ba ya sha. Ba haka ba ne. Ayarin gishiri da kaka yake tashi, bayan dabbobi sun ƙoshi sun yi tozo. Kafin a shiga hamadar Tenere sai an yi kwanaki ana yankan ciyawa ana ɗaurewa dami-dami, don a ciki ko tsinke babu. Raƙumi ne ke ɗauke da abincinsa, a kan hanya ana ajiye wasu damman a rairayi don dawowa. Ana tafiya tun safe har dare ya raba, ba a tsayawa, ko shayi a kan tafiya ake haɗawa, fura kuma a dama a miƙa maka kana tafe. Ban manta daren da wata taguwarmu ta durƙushe tsakanin Fashi da Bilma ba. Mahaifina bai ce uffan ba, ya kwance kayanta ya rarraba wa sauran, ya shafa wuyanta, aka ci gaba. Na yi ta waiwaye har duhu ya haɗiye ta. Saboda haka in an ce maka a shekarar fari raƙuma sun yi ta kai ruwa ga ɗaruruwan leburori, ka sani wasu sun kwanta a hanya, kuma asarar a wuyan mai su take, ba a wuyan gwamnati ba. Riba da Injiniya ke lissafawa, a cire wannan tukuna.

Ɗanjuma: Allah sarki taguwa. Yaya Illa ka sa jikina ya yi sanyi.

Illa Agadas: Zancen mota kuwa, ai mu har itacenmu ta kashe. Su suna da fili mai suna ba itace, mu kuwa muna da guda ɗaya tal a Tenere, wadda ayari ke saiti da ita, mota ta zo ta buge ta a 1973. Gawarta na gidan tarihi a Yamai. Amma abin da ya karya ayari na gaske fari ne, na 1973 da na 1984. Dabbobi suka mutu, masu motoci suka shigo suka cike gurbin. Da raƙuma suka farfaɗo an dawo, amma ba kamar da ba.

Malam Habibu: Na karɓi gyaran Injiniya kan layin arewa. Amma na gabas zuwa yamma fa? A can ba wani Oodnadatta, ana haɗewa aikin ya ƙare.

Injiniya Nura: Can kuma dama ba wata babbar hanyar fatauci ba ce Malam. Kafin layin, mai zuwa Perth daga gabas jirgin ruwa yake shiga. Layin na siyasa ne: alkawarin da aka yi wa Yammacin Ostireliya ne don ta shiga tarayyar 1901, da kuma tunanin yadda za a kai soja in yaƙi ya tashi. Masu jiragen ruwa ya kamata su yi kuka, ba masu raƙuma ba.

Abakar Mai Wurno: Salamu alaikum daga Sudan. Ina bin ku tun ɗazu. Mu ma muna da irin wannan layi, kuma akwai zaren da ya haɗa shi da ku mutanen Kano. A 1897, lokacin da janar ɗin Ingila Kitchener ke yaƙar gwamnatin Mahadiyya, ya sa aka yanko layin dogo daga Wadi Halfa zuwa Abu Hamad ta cikin hamada tsagwaronta, aka bar Kogin Nilu ya yi nasa zagayen. Hanyar da ayari suka saba bi daga Korosko ita aka yi wa kishiya. Tashoshin ko suna ba su da shi, lamba ce kawai, don ba gari ba ƙauye. Da farko duk ruwan da ma'aikata da jirgi za su sha daga Halfa ake jawo shi, sai da Allah ya sa suka haƙa suka samu ruwa a wurare biyu. Matashin injiniyan da ya ja aikin ɗan Kanada ne, Percy Girouard. To shi ne dai aka turo ya gaji Lugga a Arewacin Nijeriya a 1907, kuma a hannunsa aka fara layin Baro zuwa Kano.

Baba Reluwe: Ikon Allah! Shekara talatin da wani abu ina cin abinci a layin mutumin nan, ban san ta Sudan ya biyo ba. Na gode ɗana.

Malam Habibu: Madalla da Malam Abakar. Kuma ka ga, jirgi ya shigo Kano a 1911, shekarar da Italiya ta afka wa Tarabulus. Fataucin Kano zuwa Tarabulus, wanda dama ya fara ja da baya, nan ya ƙarasa. Fata da gashin jimina da ke wata da watanni a bayan raƙumi suka koma bin Ikko. A nan kam, Injiniya, jirgi ya kashe hanya.

Injiniya Nura: Ya kashe doguwar, ya buɗe gajeru. Wa ya riƙa kawo gyaɗa bakin tasha daga ƙauyuka da Damagaram? Jakuna da raƙuma. Dalar gyaɗa ba da ƙafarta ta zo ba.

Baba Reluwe: Wannan haka yake. Ina yaro na ga raƙuma durƙushe a bakin sikeli.

Hajiya Rabi: Ni duk kun ba ni mamaki. Tun ɗazu ana ta jimamin raƙumi da mai raƙumi da mai jirgi, ba wanda ya tambayi ruwan na wane ne. Hamadar nan ba kango ba ce, da mutanenta. A gefen gabas na Nullarbor akwai wani wuri, Ooldea, inda ruwan daɗi ke kwance a ƙarƙashin rairayi, a kan wani shimfiɗaɗɗen yumɓu da ke riƙe shi kamar kasko. Rani da damina ba ya ƙafewa. 'Yan asalin ƙasar sun yi shekaru aru-aru suna taruwa a nan, musamman in fari ya yi tsanani, can ne mafakarsu, can suke musayar kaya da bukukuwansu. Da layin ya iso sai hukumar jirgi ta kafa famfo tana zuƙa, tana ba jirgi da ma'aikata. Ba su tsaya nan ba, suka yi ta huda burtsatse har suka fasa yumɓun, ruwan zartsi ya gauraya da na daɗi. Zuwa 1926 sun rufe tashar famfon sun kama gabansu. Abin da ya rayar da mutane tun kaka da kakanni, jirgi ya shanye shi cikin shekara goma. Masu wurin suka koma zaman bakin layi suna jiran fasinja ya jefo musu abinci ko ya sayi ɗan sassaƙe. A 1952 aka kwashe su zuwa Yalata, daga baya Ingila ta zo ta yi gwajin bam ɗin nukiliya a Maralinga, a ƙasarsu, a 1956 da 1957, kuma ta wannan layin aka riƙa kai kayan aikin. Mai raƙumi ya rasa sana'a, ya iya komawa Karaci. Su ina za su koma?

Ɗanjuma: Hajiya ta zo da zafinta.

Illa Agadas: Hajiya, Allah ya saka. A wajenmu wanda ya ɓata rijiya ya fi ɓarawon raƙumi laifi. Kuma in za a faɗi gaskiya, raƙuman ma sun sha daga ruwan mutanen nan. Ayarin raƙumi hamsin in ya sauka a ƙaramar mashaya bayan kwana biyar ba ruwa, abin da zai bari sai laka. Amale ɗaya na iya shanye lita ɗari a tashi ɗaya. Ba zan wanke 'yan'uwana masu akala tas ba.

Injiniya Nura: Wannan ban da ta cewa a kai. Kuskuren aikin injiniya ne tsantsa, ba a san zurfin yumɓun ba aka yi ta huda.

Hajiya Rabi: Ba a sani ba, ko ba a tambayi waɗanda suka sani ba?

Sadiya: Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Yi haƙuri na makara, bambancin lokaci ne, yanzu gari ya waye mana a Adelaide. Ina karatu a nan, kuma masallacin da nake zuwa Juma'a wani lokaci shi ne wanda masu raƙuman nan suka gina a ƙarshen shekarun 1880. Yana cikin wani ɗan lungu a tsakiyar birni, ƙarami ne, da hasumiya huɗu farare sirara da aka ƙara masa a 1903. In ka shiga ba ka ce a Ostireliya kake ba. Akwai wasu tsofaffin a Broken Hill da Perth, a Marree kuma an sake gina irin nasu na farko, na laka da rufin ciyawa, kai ka ce masallacin ƙauye ne a ƙasar Hausa. Abin da nake so in ƙara wa Yaya Nura shi ne, ba mota kaɗai ta kore su ba, har da doka. Tun 1895 Yammacin Ostireliya ta hana 'yan Asiya lasisin haƙar zinariya. A 1901 aka yi dokar taƙaita shigowa, wadda ta zama tushen manufar nan ta ƙasar farare zalla: jami'i zai yi maka shifta da wani harshen Turai da ya ga dama, ka faɗi a mai da kai. An toshe musu hanyar zama 'yan ƙasa, kawo mata daga gida ya zama abu mai wuya, wanda ya je ganin gida kuma sai da takardar izini ta musamman zai dawo. Unguwanninsu ma a bayan gari suke, galibi a tsallaken layin dogo. Wasu sun auri 'yan asalin ƙasar, wasu Turawa, jikokinsu na nan har yau da sunaye irin su Khan da Mahomed.

Malam Habibu: Sannu da ƙoƙari Sadiya. Na kuma karanta cewa rikicinsu da Turawa masu amalanken shanu yawanci a bakin ruwa yake tashi.

Sadiya: Haka ne Malam. Masu shanu na jin haushi don raƙumi ya fi su araha kuma ba ya tsayawa in an yi fari. Sai aka riƙa yaɗa cewa suna ƙazantar da ruwa da wanke ƙafa, wato alwala. A 1894 a Yammacin Ostireliya faɗa ya tashi a wata mashaya kan haka, wani Bature ya harbi biyu daga cikinsu suka mutu, kotu ta sallame shi. Wurin har yau da sunan 'yan Afganistan ake kiransa.

Hajiya Rabi: Inna lillahi. A kan alwala.

Baba Reluwe: Ni abin da na lura da shi, da jikana ya buɗe mini taswirar layin a waya: tashoshin tsakiyar hamadar sunayen manya ne. Deakin, Reid, Hughes, Cook, Fisher, Watson, Barton, duk firayim ministoci, sai Forrest wanda ya yi ta fafutukar a gina layin. Mutanen da ko tulu ɗaya ba su ɗauka ba. Haka aikinmu yake ko'ina, mai shebur ba ya shiga allo.

Injiniya Nura: Baba, amma jirgin da ke zuwa arewa sunansa Ghan, kuma da su ake danganta sunan. Tambarinsa ma raƙumi ne da mahayinsa. Tun 2004 yana tafiya daga Adelaide har Darwin, kusan kilomita 3,000.

Sadiya: Yana tafiya kam Yaya, amma na masu yawon buɗe ido ne. Kuɗin tikitinsa ya fi ƙarfin ɗaliba irina, daga nesa nake ɗaga masa hannu.

Baba Reluwe: Wani abin dariya kuma da jikan nawa ya karanto mini: sun gina na tsakiyar da faɗin ƙafa huɗu da inci takwas da rabi, alhali layukan da ke jiransa a baki biyun duk ƙafa uku da rabi ne, irin namu na da. Wato ka sha wahalar ratsa hamada, ka iso Kalgoorlie, a ce sauko a canza jirgi, kaya ma a sauke a sake lodi. Sai 1970 jirgi ɗaya ya iya tashi daga Sidni ya isa Perth. Ashe ba mu kaɗai ke aikin baban giwa ba.

Illa Agadas: Baba ai mu a Nijar mun fi ku. An shimfiɗa daga Yamai zuwa Doso, ga ƙarfe ga tasha, jirgin ne dai muke jira. Yanzu kuma ido na kan na Kano zuwa Maraɗi.

Ɗanjuma: Ku dawo kan raƙuman don Allah. Da aiki ya ƙare, yanka su aka yi?

Malam Habibu: A 1925 Kudancin Ostireliya ta yi dokar da ta ba da damar harbe raƙumin da aka samu yana yawo ba rajista. Da yawa daga masu su ba su iya tsayawa su ga haka ba, sai suka kai su bakin daji suka cire musu akala suka sake su. Ƙasar ta karɓe su: ba zaki, ba kura, ga ganye. Suka yi ta haihuwa. Yau Ostireliya ce ke da garken raƙuman da ba su da mai su mafi yawa a duniya.

Ɗanjuma: Wato sun zama raƙuman dawa.

Hajiya Rabi: Kai Ɗanjuma, raƙumin dawa ai mai dogon wuya ne mai zane. Nemo musu wani sunan.

Sadiya: Kuma fari ne dai ke sake jawo maganarsu. In ruwa ya ƙafe sai su fito daga daji su afka wa ƙauyukan 'yan asalin ƙasar, su karya famfo, su tumɓuke bututu, har na'urar sanyaya ɗaki suke fasawa don ɗigon ruwan da ke jikinta. Wasu su mutu a cikin mashaya su ɓata ta. A 2009 dubbai suka yi wa wani ƙauye mai suna Docker River ƙawanya. Daga 2009 zuwa 2013 an kashe kimanin 160,000, yawanci daga jirgi mai saukar ungulu, aka ƙiyasta saura wajen 300,000. A Janairun 2020 ma an harbe fiye da 5,000 a arewa maso yammacin jihar da nake, kuma shugabannin 'yan asalin yankin ne da kansu suka amince, don ruwan shansu ake magana.

Ɗanjuma: 160,000! A bar su a daji su ruɓe? Jama'a ku san nawa ake sayar da amale ɗaya a Maigatari kuwa? Injiniya, nawa ne kuɗin jirgin ruwa?

Injiniya Nura: Lissafin ba ya fita Ɗanjuma. Ana kama wasu a yanka a fitar da naman, har Saudiyya an taɓa kai masu rai a 2002. Amma dabbar da ke tsakiyar hamada, ɗaruruwan kilomita daga kwalta, ba ta taɓa ganin igiya ba, kuɗin kamo ta da jigilarta ya fi kuɗinta.

Ɗanjuma: A ba Yaya Illa da mutum goma biza kawai, a ga ko lissafi zai fita.

Illa Agadas: Kun sa na je na sami tsoho a zaure na karanta masa duk abin da aka rubuta, tun daga hoton Malam Habibu. Zancen jirgi bai dame shi ba. Da na zo kan Ooldea ya ce in maimaita, na maimaita, ya girgiza kai. Da na ce masa akwai raƙuma dubu ɗari uku da ke yawo, sai ya ce shaidar wace kabila ce a wuyansu. Na ce ba su da shaida. Ya ce to wa ke shayar da su. Na ce ba kowa. Ya yi shiru ya juya kofin shayinsa, can ya ce in tambayi yarinyar nan da ke can: a cikin jikokin masu rawanin, akwai wanda har yanzu ya iya durƙusar da raƙumi ya ɗaura masa kaya? Sadiya, ga saƙon tsoho.

Sadiya: A gaishe da Baba, a ce ina neman albarka. Ana yin tseren raƙuma a Marree, jikokin kan taru a can. In Allah ya kai mu hutu zan nemi mota in je in tambayo masa.